Gwaggo Rediyo, Yau Ki Waiwayo

Kafin masu shara su iso zauren wasanni, Gwaggo ta riga ta iso. Mai gadi ya daɗe da daina leƙowa ya ga ko wane ne. Da ya ji ƙarar tayoyin keken guragu a kan tsakuwa, haɗe da muryar mace tana zuba labari, sai ya miƙe ya zare sakata. Muryar ce ke fara shigowa, sai keken, sannan ita kanta. A kan keken akwai ɗan ƙanenta, wanda kowa ke kira Manaja. A kafaɗarta kuma ta rataya wata doguwar jaka mai ɗauke da kayan wasansa.

Abu na farko da take yi shi ne share filin da hannunta, ko da an share shi jiya da yamma, domin ta ce ƙwayar yashi ɗaya tana iya karkatar da ƙwallo. Sai ta fito da ƙwallayen fata masu laushi, ta murza kowanne a tafin hannu har ya koma mulmulalle. Ta harhaɗa indararon katakon da ake gangaro da ƙwallo a kai, ta ɗaure notocinsa tam. Ta ɗaura wa Manaja madaurin kai mai siririn sanda a goshi, ta share masa baki da gefen hankici. Duk wannan tana yi bakinta bai huta ba: direban da ya kusa taka musu ƙafa, mafarkin da ta yi, maƙwabciyar da ta auna taga da ido sai labule ya ƙi kaiwa, gwiwarta ta hagu da ta kwana tana yi mata tsiya. Idan ta gama, sai ta jawo 'yar kujerarta ta tsuguno, ta zauna gaban Manaja, ta juya wa filin baya, ta rufe bakinta ruf. Daga nan har a tashi, ko tarinta ba mai ƙara ji.

Wanda bai san wasan ba zai ɗauka fushi take yi. Doka ce. Sunan wasan bociya, an shirya shi ne domin mutanen da naƙasarsu ta yi tsanani. Ana jefa farin ƙwallo a fili, sai kowane ɗan wasa ya yi ƙoƙarin kai nasa ƙwallayen kusa da shi, wanda ya fi kusa shi ke da maki. Waɗanda ba sa iya jifa da hannu ko da ƙafa, irin su Manaja, suna gangaro da ƙwallon ne ta indararo, su taɓa shi da sandan goshinsu ya tafi. Dole sai da wani da zai riƙa juya musu indararon, ya ɗaga, ya sauke, ya ɗora ƙwallo. To shi wannan mai taimakon, an hana shi kallon fili. Ba ya waiwaye, ba ya magana, ba ya ko ɗaga gira. Abin da ɗan wasa ya ce shi zai yi, ko da a ransa yana ganin ɓarna ce. Idan ya kuskura ya waiwaya kafin alƙali ya ba da izini, a soke ƙwallon, a kuma hukunta ɗan wasansa.

Wannan aikin Gwaggo ta shafe shekara goma sha wani abu tana yi, kuma a watan jiya ta ajiye shi, saboda gwiwoyi sun ce sun gaji. Bai kamata ta tattara jakarta ta koma gida ba wanda ya ce mata sannu a gaban jama'a ba. Shi ya sa ake wannan rubutu.

Ranar da dangi suka ji irin aikin da aka ba ta, sun yi dariya har da masu riƙe ciki. Ai ba banza ake ce mata Gwaggo Rediyo ba. Ƙanenta, mahaifin Manaja, yakan ce, “Yaya, ke kam ko batir ba a canza miki.” Sana'arta ɗinkin labule, kuma masu kawo mata aiki sun san in ka zo karɓar labule ɗaya, sai ka tafi da labarin unguwa guda kyauta. Mace ce da in ta shiga layin asibiti, kafin a zo kanta ta san ciwon kowa, ta kuma faɗa masa abin da likita zai ce.

Surutun nan kuwa ya yi rana. An haifi Manaja da larurar da ta riƙe masa hannuwa da ƙafafu, ta kuma nauyaya masa harshe. Kansa garau yake, ya fi na da yawa daga cikinmu, amma kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita kafin ta fito. Mahaifiyarsa tana fama da aiki da sauran yara, Gwaggo kuma ba ta da nata, sai ta jawo shi ɗakinta, ta ajiye shi kusa da keken ɗinki. Nan ya girma, yana aiken mutanen gida da ido: ya kalli kofi, ya kalli mutum, mutum ya tashi. Daga nan sunan Manaja ya bi shi. Gwaggo ta zama bakinsa. Da ya fara magana, sai ta ƙarasa masa. Likita ya tambaye shi inda ke ciwo, ita ke amsawa. Baƙo ya gaishe shi, ita ke cewa lafiya lau. Ita ke zaɓa masa riga, ita ke zuba masa sukari a shayi. Babu wanda ya ga aibun haka, kowa cewa yake Allah ya yi wa yaron nan gata.

Koci ne ya fara ganin aibun. Shi tsohon malamin wasanni ne, ya gamu da su a sashen gashin ƙashi na asibiti, lokacin Manaja ya riga ya zama saurayi mai gemu. Ya durƙusa gaban keken ya yi bayanin wasan, ya ce, “Kana so ka gwada?”

Gwaggo ta ce, “Yana so mana, amma fa ba ya son hayaniya, kuma in rana ta yi zafi...”

Koci ya ce, “Gwaggo, don Allah ki yi haƙuri. Shi na tambaya.”

Manaja ya karkata kai, jijiyoyin wuyansa suka tashi, aka ɗauki lokaci ana jira. Can ya ce, “Ina... so.” A hanyar gida Gwaggo ta wanke Koci tas a bayan idonsa, ta ce mutum ba ladabi ba tarbiyya. Amma washegari ita ce ta sa aka ciro tsohon indararon rufin ɗakin girki, ta goge shi, ta kai zauren. Da shi suka fara, kuma har yau da suke da na katako mai kyau, sunan bai canza ba.

Manaja ya iya wasan kamar don shi aka ƙirƙiro shi. Mutumin da tun yana yaro yake zaune yana kallon yadda kofi ke gangarawa a tebur, da inda lemo ke tsayawa in ya faɗi, ya sami inda kallon zai yi amfani. Cikin 'yan shekaru aka gayyace su wata gasa a ƙasar waje, wadda daga ita ake zaɓen masu zuwa babbar gasar naƙasassu ta duniya. A can ne abin ya faru, kuma ba za a ɓoye shi ba, domin Gwaggo da bakinta take ba da labarin.

Wasan ƙarshe ne, saura ƙwallo ɗaya a hannun Manaja. Ya ce ta juya indararon wani ɓangare da tun da aka fara bai jefa komai ba. Hannunta ya bi umarni, amma zuciyarta ta ƙi. Ta ce a ranta, yaron nan ya ruɗe. Ba ta san lokacin da wuyanta ya juya ba. Kallo ɗaya ne, bai kai ƙiftawar ido biyu ba, amma alƙali ya gani. Aka soke ƙwallon, aka ba abokin karawa dama, wasa ya tafi, tafiya babbar gasa ta tafi da shi.

Da safe, a motar da za ta kai su filin jirgi, Gwaggo ta yi ta ba da haƙuri, ta ce sharrin wuya ne, ta ce tsautsayi ne. Manaja bai kalle ta ba sai da suka yi nisa. Sannan ya fara magana. Ta buɗe baki za ta ƙarasa masa kamar kullum, sai ta tarar ba ta san inda maganar ta nufa ba. Dole ta jira.

“Gwaggo,” in ji shi, kalma bayan kalma, “ba... ƙwallon... ne... ya dame ni ba. Kin duba ne... don... ba ki... yarda... da ni ba.”

Koci, wanda ke kujerar baya, ya ce tun da ya san ta bai taɓa ganin an yi magana ta rasa amsa ba sai ranar. Maganar ta yi mata ciwo, kuma abin da ya fi ciwon shi ne ta san gaskiya ce.

Da wata ce ta ji haka, da ta yi zuciya ta ce a nemi wani. Manaja ma an ba shi zaɓi, ya ce a bar masa gwaggonsa, amma dama ɗaya tak ta rage mata. Ita kuwa sai ta ɗauki abin kamar ɗinkin da ya karkace, ta farke ta sake. Ta juya keken ɗinkinta ya fuskanci bango, ta ce wa mutanen gida duk wanda ya sa ta waiwaya tana aiki ya ci gari. Ƙanenta ya yi ta sakin faranti a bayanta. A zaure, Koci yakan yi tafi ba zato, ko ya kwatsa ihu kamar an ci wasa. Akwai ranar da mai gadi ya ƙwala mata kira, “Gwaggo, ɓera! Ɓera a gindin kujerarki!” Ko gezau ba ta yi ba. Da aka tashi ta ce masa ya sake dabara, wannan ta tsufa. Mai gadi ya rantse ɓeran gaske ne, har ya bi ta kan silifas ɗinta.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar yana gida. Ta ɗaukar wa kanta alkawari ba za ta ƙara ƙarasa masa magana ba, ko da za a kwana ana jira. Sai ta zauna kan hannuwanta, ta ciji leɓe, shi kuma yana fama da kalma. A haka ta gano cewa shuɗiyar rigar da take sa masa duk ranar fita, ya tsane ta tun ranar da aka ɗinka. Ta gano ba ya son sukari a shayi, shanyewa kawai yake don kafin ya ce a'a an riga an zuba. Ta gano yana da barkwanci mai yaji, wanda shekara da shekaru ba a bari ya kai ƙarshensa. Ranar maganar sukari, ta shiga ɗaki ta yi kuka sosai, sannan ta fito ta sake dafa wani shayin.

Ke ce, Gwaggo, kika koyi jira bayan furfura ta fito miki. Ke ce kika yarda a ce kin yi kuskure a abin da kowa ke yabonki a kai, kuma ba ki tsaya kare kanki ba. Da yawa daga cikinmu da mun ce ai don ƙauna muka yi, mu ci gaba da zuba sukari.

Zagayowar gasa ta gaba, Manaja ya sami gurbi a babbar gasar. Ƙasarmu ƙarama ce, in ka ɗora yatsa a kanta a taswira sai ta ɓace. 'Yan wasan da muka tura, mota ɗaya ta kwashe su har da kayansu. Akwai wani mai ɗaga nauyi da ake kira Ƙarfe, akwai wata makauniya mai tsere da ake kira Walƙiya tare da jagoranta, sai Manaja. Ranar buɗe gasa, manyan ƙasashe suka yi ta wucewa har ƙafar masu tafi ta gaji da tsayuwa. Namu kuwa, kafin mai sanarwa ya gama faɗin sunan ƙasar sun riga sun wuce. Gwaggo ce ke tura keken Manaja, tana ɗaga wa jama'a hannu kamar duk don ita suka zo.

A masaukin 'yan wasa rediyo ya dawo aiki gadan-gadan. Ƙarfe ya ba da shaida cewa ranar da ɗamararsa ta tsinke ana gobe zai hau, Gwaggo ce ta fito da allura da zare mai kauri ta ɗinke ta, tana yi tana yi masa faɗa kan yawan cin burodi. Walƙiya kuma ta ce tun daga filin jirgi Gwaggo ta kama hannunta ba ta saki ba. Ta faɗa mata abin da ke cikin farantinta da inda yake, ta kwatanta mata tutoci, da rufin filin wasa, da wani alƙali mai tsawo da wandonsa ya ɗangale. “Ni dai na ga gasar nan tsaf,” in ji Walƙiya, “da bakin Gwaggo na gan ta.” Har ƙawa ta yi, wata dattijuwa daga wata babbar ƙasa, wadda ita ma take riƙe wa ɗanta indararo. Ba mai jin yaren wani, amma sukan zauna su yi hira har shayi ya huce, kowacce tana nuna wa 'yar uwarta inda gwiwa ke ciwo.

Gwiwar kuwa ta yi tsanani. Tun kafin tafiya likita ya gaya mata wannan ce ta ƙarshe, in ba so take a riƙa tura su su biyu ba. Ba ta faɗa wa kowa ba, amma Manaja ya sani, domin yana ganin yadda take dafa ƙasa kafin ta miƙe. Ke nan su biyun sun san babu wata gasa a gaba da za a gyara abin da ya ɓaci. In ta sake waiwayawa, da wannan za a rufe.

Ƙarfe ya zo na kusa da ƙarshe, ya ce ai gara shi, akwai wanda ya fi. Walƙiya ta karya tarihin kanta amma ba ta kai zagayen ƙarshe ba. Manaja ya yi ta tsallakewa, ya faɗi a wasan kusa da na ƙarshe, sai ya rage masa karawar neman lambar tagulla. Ƙasarmu ba ta taɓa samun lamba a wannan wasa ba. Abokin karawarsa kuwa ba kowa ba ne illa ɗan ƙawar Gwaggo. Dattijan biyu suka gaisa da ido, suka zauna kusa da juna, kowacce ta juya wa filin baya.

An yi hantsi, zauren ya cika, amma tsit kake ji, domin 'yan kallon wannan wasa sun san ladabinsa. Aka yi ta kai ruwa rana har zagayen ƙarshe, maki ɗaya ne tsakani, kuma ba a hannunmu yake ba. Abokin karawa ya gama jefa nasa. Saura ƙwallo ɗaya, na Manaja.

Gwaggo ba ta ga filin ba, amma ba kurma ba ce. Duk zagayen nan hagu ya yi ta sa ta juya indararon, kuma kunnenta ya ji inda ƙwallaye ke haɗuwa. Ta san hagu ne. Hannunta har ya fara ɗumi a gefen katakon. Sai ga abin da suke tsoro ya zo: jikin Manaja ya sandare, kamar yadda yake yi masa in ya ƙagu. Haƙoransa suka datse, hannunsa ya miƙe, kansa ya karkace gefe. Kowane ɗan wasa yana da lokacin da aka ɗiba masa, in ya ƙare ƙwallon da bai jefa ba ya tafi a banza. Alƙali ya sanar lokaci ya kusa. Gwaggo ba ta jin yarensu, amma wannan kalmar ta riga ta haddace ta.

A gida, da ta tallafi kansa ta yi masa 'yar waƙar da take kwantar masa da jiki. A nan ba dama. Abin da ya rage mata biyu ne. Ko ta tura indararon hagu da kanta, ta ɗora ƙwallo, ya taɓa kawai, wataƙila ma alƙali ya ɗauka ya yi mata alama da ido. Ko kuma ta jira, lokaci ya ƙare a kan idonta. Ta ce a lokacin ji ta yi kamar ana jan ƙeyarta da igiya. Zufa ta gangaro mata ta bayan kunne. Sai ta cire hannunta daga katakon, ta ɗora a cinya, ta zuba masa ido.

Muƙamuƙinsa ya saki kaɗan. “Da...” Ta ciji leɓe. “Da... ma.”

Dama. Ta juya indararon dama.

“Ƙara.” Ta ƙara. “Ƙara.” Ta sake ƙarawa. “Sama.”

Daga inda take zaune tana hango 'yan kallon da ke bayan Manaja. Ta ga Ƙarfe ya ɗora hannu biyu a ka. Ta ga jagoran Walƙiya ya sunkuya yana raɗa mata wani abu yana girgiza kai. Kowa a zauren nan yana ganin filin ban da ita, kuma fuskokinsu suna cewa yaron nan ya ruɗe, daidai abin da zuciyarta ta ce mata wancan karon. Ta ɗauki ƙwallon, ta ɗora shi inda ya ce, ta janye hannu. Manaja ya sunkuyo a hankali, sandan goshinsa yana rawa, ya taɓa.

Ta ji gangarowarsa a kan katako, ta ji ya sauka ƙasa. Shiru. Sai wani ɗan ƙas, sai wani kuma. Daga nan zauren ya ɗauka da ihu gaba ɗaya.

Daga baya ne Koci ya yi mata bayani. Abokin karawa ya gina katanga da ƙwallayensa ta hagu, ba ta inda za a bi. Manaja ya hango wani ƙwallo da ya ɓata can dama, ya daki gefensa, nasa ya karkato ya ture farin ƙwallon daga cikin katangar, ya kai shi tsakiyar nasa guda biyu da kowa ya ɗauka sun tafi a banza. Masu sharhi sun yi kwanaki suna maimaita wannan jifa.

Amma a lokacin Gwaggo ba ta san komai ba. Ihu ba izini ba ne. Alƙali ya durƙusa yana aune-aune a bayanta, ana ta tafi, Ƙarfe yana kiran sunanta kamar maƙogwaronsa zai tsage, ita kuwa tana zaune ƙyam, hannu a cinya. Sai da alƙali ya ba da izini, ƙawarta ta miƙo hannu ta dafa mata kafaɗa, hawaye a idonta ita ma, sannan ta juya. Ba abin da ta tarar sai ƙwallaye a zube, kowanne ya tsaya inda ya tsaya.

Da suka fito, Walƙiya ta laluba ta kama hannunta. “Gwaggo, ba ni labari. Yaya ƙwallon ya tafi? Kowa ihu kawai yake, ba mai yi mini bayani.”

Gwaggo ta ce, “'Yar nan, yau ni da ke ɗaya muke. Ban gani ba.”

“To me kike kallo duk lokacin nan?”

“Fuskarsa. Baƙo ba ya bambanta dariyar yaron nan da ciwonsa, duk yamutsewa ce. Ni kuwa na sani. Tun kafin alƙali ya durƙusa na san mun ci.”

Jaridu sun buga hoton. Ga Manaja, sanda a goshi, ido a fili. A gabansa kuma ga bayan wata mata da ɗaurin ɗankwali, an rubuta a ƙasa: tare da mai taimaka masa. In ka bincika duk hotunan wasanninsa tun daga farko, haka suke. Ƙasa guda ta san ƙeyar Gwaggo, amma in ta shiga kasuwa ba mai gane ta. Da aka nuna mata, cewa ta yi da ta sani da ta gyara ɗaurin, ya karkace.

Yanzu ƙanwar Manaja ce ta karɓi kujerar tsugunon. Mace ce mai kawaici, ba ta da surutu, amma tana da saurin hannu, kuma Gwaggo ta ce wannan ma ciwo ne. Shawara ɗaya ta ba ta ranar miƙa jaka: “In ya fara magana, ki zauna kan hannuwanki. Ko kin san abin da zai ce, ki bari ya faɗa. Wata rana ba shi zai ce ba.”

Gwaggo, mun gode. Mun gode da asubancin da kika yi kina tura keke a kan tsakuwa, da gwiwoyin da kika ƙarar a kan siminti, da bakin da kika ɗaure alhali Allah ya yi ki mai magana. Uwar Manaja ta biyu, mai juya indararo inda aka ce, Allah ya saka miki da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya. Mu kuma da muke karatu, kusan kowannenmu yana da wani a gida wanda maganarsa ke fitowa a hankali: tsoho, ko mara lafiya, ko mai in'ina, ko wanda kunya ke riƙe wa harshe. Muna ƙaunarsu, muna kuma ƙarasa musu magana, mu zaɓa musu riga. Mu gwada jira ko sau ɗaya, mu ji inda maganar za ta ƙare.

A makon da ya wuce, Koci ya gayyace ta zauren da safe, ya ce ta zo ta ga atisaye. Aka ajiye mata kujera mai hannu a gefen fili, inda 'yan kallo ke zama. Ta zo da labarai cike da baki, ta gaisa da mai gadi, ta duba ko an share filin da kyau. Amma da ƙanwar ta ɗora ƙwallo a indararo, sai aka ga Gwaggo ta yi shiru, ta ɗora hannu a cinya, ta kau da kai ta fuskanci bango. Ita kanta ba ta san ta yi ba.

Manaja bai taɓa ƙwallon ba. Ya karkato kansa wajenta, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Mai gadi ya tsaya da tsintsiya a hannu, ba wanda ya taya shi.

“Gwaggo,” in ji shi. “Ki... waiwayo. Wannan... naki ne.”

Ta waiwayo, ya taɓa ƙwallon, ta bi shi da ido tun daga kan katako har inda ya tsaya.